Kansar pankiriyas: ana iya tiyata idan ta naɗe jijiya?

Pankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, tana bayan tumbi, kusa da jijiyoyin da ke kai jini hanta da hanji. A da, idan kansa ta naɗe ɗaya daga cikinsu, likitoci kan haƙura da tiyata.

Yanzu akan fara ba majinyaci magungunan kansa, irin su FOLFIRINOX, na tsawon watanni. Idan cutar ba ta bazu ba, sai a cire ƙarin tare da jijiyar, a dasa wata a madadinta.

Aikin na da haɗari, manyan asibitoci ƙalilan ke yin sa. Kafin iyali su sayar da gona don fita waje, su fara aika wa likitocin can hoton sikana.