ƊOƊƊOYA: AMFANINTA GA TARI DA MURA, DA INDA IYAKARTA TAKE

Bayani ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Dutse

Kowace shekara in hunturu ya kama, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙurar hamada ta baza ta bisa ƙasar Dutse, tun daga Jahun da Miga har Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. A wannan lokaci tari da mura sukan yawaita, mutane kuwa sukan fara neman sauƙi daga abin da ke tsire a bayan ɗaki kafin su tuna da asibiti. Cikin irin waɗannan tsirrai har da ɗoɗɗoya. Tana da amfani, amma amfanin yana da iyaka, rashin sanin iyakar nan kuwa yakan jawo hasarar rai. Don haka ya kamata hakimai da malamansu su san maganar sosai, domin su ne talakawa suke saurara.

Irin tsiron

Ɗoɗɗoya dangin na'a-na'a ce, iri-iri ce kuma. Akwai ta gida mai faɗin ganye, wadda takan yi tsawo har ta kai kafaɗar mutum; masana ilmin tsirrai suna ce da ita Ocimum gratissimum, Yarbawa kuwa efinrin. Akwai ƙarama mai taushin ganye, Ocimum basilicum, wadda ake shukawa a lambu don miya. Akwai kuma wadda takan fito da kanta a saura da damina. A ƙasar Indiya suna da tasu mai suna tulsi, wadda suke girmamawa ƙwarai, suna kuma sha don tari. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa cikin wani littafi a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Tun a lokacin an san mutanen ƙasashen nan suna dafa ganyen ɗoɗɗoya saboda zazzaɓi da tari.

Abin da ke cikin ganyen

Ƙamshin da ake ji in an murza ganyen daga wani mai yake fitowa, wanda ke cikin 'yan ƙananan ƙuraje a jikin ganyen. A cikin man nan an sami sinadarai biyu sanannu. Ɗaya ana ce da shi yujinol, shi ne mai ba kanumfari ƙamshinsa, yana kuma ɗan kashe zafin ciwo. Ɗayan timol ne, wanda ake sa wa cikin wasu magungunan kurkure baki. Yawansu yakan bambanta bisa ga irin tsiron da ƙasar da ya fito.

Masu bincike sun gwada man a ɗakin gwaje-gwaje, sun ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa cikin kwanon gwaji. Amma kwanon gwaji dabam, huhun mutum dabam. Gwajin da aka yi a jikin mutane kaɗan ne, bai kuwa nuna cewa ɗoɗɗoya tana warkar da wata babbar cutar ƙirji ba. Abin da ya tabbata shi ne, ruwan ɗumi mai ƙamshi yana sanyaya maƙogwaro, yana sassauta majina, yana sa mai mura ya sami barci. Mura kuwa mafi yawa da kanta take wucewa cikin mako ɗaya ko kwana goma.

Yadda za a yi amfani da ita

Yadda aka saba shi ne a ɗebi ganye kamar cikin tafi ɗaya, a wanke shi da ruwa mai tsabta, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a rufe tukunya na ɗan lokaci don kada ƙamshin ya tsere, sa'an nan a tace a sha da ɗumi. Wanda ya so ya ƙara citta ko lemon tsami ko zuma. Amma a kiyaye waɗannan:

1. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ne abincinsa da abin shansa. Kada a ɗura masa jiƙo ko wane iri ne.
2. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma.
3. Kada a yi wa ƙananan yara sirace, domin tafasasshen ruwa yakan kife musu ya ƙona su.
4. Mace mai ciki ta tsaya ga abin da ake sa wa a miya, kada ta sha mai kauri.
5. Tataccen man da ake sayarwa a kwalba ba na sha ba ne.
6. Kada a turara ganyen bisa gawayi cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙi yana ƙara tari, yana tayar da asma, hayaƙin gawayi kuwa yana iya kisa.

Tarin da ɗoɗɗoya ba ta iya masa

Na farko shi ne tarin fuka, watau tibi. Wani Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ƙwayar cutar a 1882, yau kuwa ba ƙasar da ta fi Nijeriya yawan masu ita a Afirka. Alamunta su ne tari na mako 2 ko fiye, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, wani lokaci da jini cikin kaki. Gwajin kaki kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin ma kyauta ne, ana shansa wata 6 ba fashi. Wanda ya zauna gida yana shan jiƙo, tarinsa yakan ɗan lafa, amma cutar tana nan tana cin huhu, yana kuma ɗauka wa iyalinsa da abokan zamansa.

Na biyu shi ne ciwon haƙarƙari na yara, wanda likitoci ke kira nimoniya. Ana gane shi da saurin numfashi. In an dubi agogo aka ƙidaya cikin minti ɗaya, yaro daga wata 2 zuwa shekara ɗaya ya ja numfashi sau 50 ko fiye, ko daga shekara ɗaya zuwa 5 ya ja sau 40 ko fiye, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya shaƙi iska, to, a kai shi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.

Na uku shi ne mashaƙo, mai kumbura wuya da toshe maƙogwaro, wanda ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta har da Jigawa a 2023.

Maganar ƙarfin jiki

Masu tallar magani a kasuwa sukan ce ɗoɗɗoya tana ƙarfafa garkuwar jiki. Gaskiya ne ganyenta yana da abubuwan gina jiki kamar sauran ganyaye, irin su zogale da alayyafo, sa shi a miya kuwa abu ne mai kyau. Amma ba ganyen da ke koya wa jiki sanin wata cuta tun ba ta zo ba. Wannan aikin allurar rigakafi ne. Ana yi wa jariri ta tarin fuka da zarar an haife shi. Ta mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari ana yinsu a mako na 6 da na 10 da na 14. Ta ƙyanda kuwa a wata na 9, a maimaita a wata na 15. Duk kyauta ne.

Abin da ake nema daga hakimai

Ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani, su kuma su isar da shi a masallatai da makarantun allo da ranakun kasuwa, kamar ta Shuwarin da ta Sara. Masu unguwanni su riƙa lura da mai daɗaɗɗen tari, su lallashe shi ya je ɗakin shan magani mafi kusa, ba tare da tozarta shi ba, domin kunya ce takan sa mutane ɓoye cutar. In ciwo ya tsananta akwai babban asibitin Dutse da na Jahun, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da na Gwamnatin Tarayya a Birnin Kudu. A kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki, a nuna musu alamun da aka lissafa a nan, don su riƙa tura irin waɗannan marasa lafiya wurin likita tun da wuri.

Allah ya ba talakawa lafiya, ya kuma taimaki shugabanni bisa riƙon amanarsu.