Juya Rigarka Ka Dubi Cikinta: Yadda Ake Daje Bakin Ɗinki da Hannu

Yau hirar tamu ta allura da zare ce.

Sallar bara na ɗinka shadda mai tsada a Funtuwa. Wanki uku kacal, hammata ta buɗe. Da na juya rigar, sai na ga telan bai yi wa bakin yadin komai ba, zare duk ya zare har ya cinye ɗinkin. Saurin Sallah ne, ga rashin wuta, injin wibin kuwa sai da wuta.

Me ke jawo hakan? Shadda da atamfa saƙa ce, zaren tsaye da na kwance ne suka riƙe juna. Da almakashi ya ratsa, na bakin sun rasa mariƙi. Kowane wanki sai ya fizge kaɗan.

Mu 'yan Funtuwa da Malumfashi, yankin auduga, ga masaƙar Funtua Textiles a garinmu, bai kamata wannan ya gagare mu ba. Kakanninmu da hannu suke dajiya, rigarsu ta shekara goma.

Hanya ta farko: juya rigar, ka datse zaren da ya fito. Sa zare ɗaya a allura, ka riƙa zagayo bakin yadin a karkace, kana soka allurar daga gefe ɗaya kullum. Zurfi kamar milimita 3, tazara kamar milimita 5. Kar ka ja da ƙarfi, in ba haka ba bakin zai tattare.

Ta biyu ita ce kalmasa, ta fi ƙarko. Rarar yadin da ke bayan ɗinki leɓe biyu ne. Rage ɗaya zuwa rabi, ka lanƙwaso ɗayan ya rufe shi, ka goge, sannan ka bi da ƙananan ɗinki. Yankakken bakin ya ɓuya ke nan. Ita ta dace da kayan gona da na makaranta.

Fara da hammata, aljihu da tsakiyar wando, nan ne ake fara yagewa. Kuma tun kafin wankin farko.

'Yan uwa, yadi ya yi tsada, allura kuwa har yanzu araha ce. In ka je karɓar ɗinki, juya shi a gaban tela kafin ka biya.

Wa ya koya maka riƙe allura? Faɗa mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.