Ciwon Ƙoda Da Raunin Jiki: Hattara Da Cefanen Majinyaci

Wanda ciwon ƙoda ya daɗe a jikinsa yakan rame, cinyoyinsa su saki, har tashi daga tabarma ya gagare shi. Sai ka ga 'yan'uwa sun nufi kasuwar Oyingbo a Ikko, sun jibgo nama da ayaba, wai don ya murmure.

Niyyar kam mai kyau ce, amma akwai haɗari. Ayaba cike take da sinadarin fotasiyam, wanda ƙodar da ta gaza ba ta iya fitarwa, in kuwa ya taru yana iya tsai da zuciya. Nama ma sai da awo: likitoci kan rage shi kafin a soma wankin ƙoda, su ƙara bayan an soma, domin na'urar tana kwashe abin gina jiki.

Tun 1981 aka soma wankin nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Cikin abin da na'urar ke ɗebewa har da kanitin, watau sinadarin da ke taimakon tsoka ta mai da kitse ƙarfi. A 1999 Amurka ta amince da allurarsa ga masu wankin; wasu kan ji dama, wasu kuwa shiru. Sau da yawa ma ƙarancin jini ko na bitamin D ke jawo kasalar, gwajin jini ne ke bambancewa.