Gida Mai Taya: Yadda Ake Loda Tirelar Tafiye-tafiye da Kula da Ita

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wani ɗaki mai taya da ake ɗaura wa mota ta ja, wanda a cikinsa akwai gado da madafa da makewayi, iyali kan fita da shi hutu su kwana a wuraren da aka keɓe domin irinsa. Shi ake kira tirelar tafiye-tafiye, ko da yake bai kama ƙafar manyan tirelolin dakon kaya ba wajen girma. Al'adar ta girmi mota, domin a 1885 aka ƙera wa wani likita marubuci ɗan Sikotlan, William Gordon Stables, irin wannan ɗaki da dawaki ke ja, kuma a 1959 Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin tireloli daga Cape Town zuwa Alƙahira. A yau yankin Elkhart na jihar Indiyana ne cibiyar ƙera su a Amurka.

Sabon shiga yakan damu da yawan kayan da tirelar za ta ɗauka, alhali inda aka ajiye kayan ya fi yawansu muhimmanci. Kowace tirela tana da iyakar nauyi da kamfani ya rubuta a jikinta, kuma wannan adadi ya haɗa da ruwa da gas da abinci, abubuwan da ake yawan mantawa da su wajen lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 150 ya kai nauyin manyan mutane biyu. Sai dai abin da ke hana tirela rawa a kan hanya shi ne nauyin baki, wato nauyin da gabanta ke dannawa a kan ƙugiyar da ke bayan mota. A Amurka ana so ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya, ma'ana tirela mai kilo 2,000 ta danna ƙugiya da kilo 200 zuwa 300, yayin da a Birtaniya, inda ƙirar ta bambanta, ake neman kashi 5 zuwa 7. Idan nauyin baki ya gaza saboda an jibge kaya a baya, tirelar takan fara lilo hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru, ko babbar mota ta wuce ta da iska, kuma kowane lilo yakan fi na bayansa ƙarfi har ta fizgi motar. Idan kuma ya yi yawa, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. Shi ya sa ake shimfiɗa kaya masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi ko gaba da su kaɗan, a ɗaure su tam, a bar tufafi da barguna a akwatunan sama. Ƙiyasin ido ba ya wadatarwa, sai an hau sikeli bayan an gama lodi.

Idan lilon ya riga ya fara, taka birki da ƙarfi ƙara dagula al'amari yake yi. Abin da ya dace shi ne direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, in kuwa tirelar tana da birkin lantarki, ya matsa maɓallinsa da hannu domin ta ja baya ta daidaita. Dokar Birtaniya ta taƙaita gudun mai jan tirela zuwa mil 60 a awa a kan manyan hanyoyi, kuma ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a can suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin tirelarsa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa.

Kayan da ba a fita sai da su ba su da yawa: madubai masu dogon hannu, sarƙoƙin tsaro biyu da ake gicciyawa a ƙarƙashin ƙugiya, katakon tare taya, abin kashe gobara, da na'urar da ke ƙara idan gas ya tsiyaya ko hayaƙi mai guba ya taru. Ana kuma daidaita tirela idan an tsaya, domin firjin da ke aiki da gas yakan lalace in ya daɗe a karkace.

Ta fuskar kulawa, zama ne ya fi cin tirela, ba tafiya ba. Tayar da ta yi watanni a tsaye cikin rana takan tsattsage alhali zanenta bai goge ba, don haka ake duba lambobi huɗu da ke gefenta, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, a canza ta idan ta kai shekara biyar zuwa bakwai. Boris ɗin tayoyi na buƙatar sabon giris kowace shekara, notin taya kuma a sake ɗaure shi bayan an ɗan yi tafiya. Yoyo ya fi duk waɗannan ɓarna saboda a ɓoye yake aiki: ruwa kan bi ta tsagar danƙon da aka liƙe rufi da tagogi da shi, ya jiƙa katakon cikin bango, ba a farga ba sai warin funfuna ya tashi ko daɓen ya fara lotsawa, kuma a lokacin kuɗin gyara kan kusanci kuɗin tsohuwar tirelar kanta.