Tsohon da Barewa Ba Ta Tsere Masa Ba

Mai karatu, a ce an miƙa maka bindiga an tsayar da kai a fili. Can gaba, nisan yadi 110, barewa za ta ɓullo ta sheƙa a guje, ta ɓace. Ba ta daji ba ce, siffarta ce aka ɗora a kan dogo. Tsawon gudun ƙafa 75 ne, cikin daƙiƙa 4 ko kusa da haka, kuma harsashi ɗaya gare ka. Ka same ta a tsakiyar da'irar da aka zana a jikinta, maki 4. Ka same ta a ɗuwawu, ka tashi a tutar babu. Za ka harba, ko sai ta wuce ka tuna da bindiga a hannunka?

Haka aka yi gasar harbin barewa mai gudu a filin Bisley, lokacin wasannin Olamfik na Landan a 1908. Cikin maharban akwai wani dattijo ɗan Suwidin mai doguwar furfurar gemu, Oscar Swahn, haifaffen 1847. Shekarunsa 60. Da kai ne ka gan shi yana saɓa bindiga, ba za ka ce, "Baba, ga kujera, zauna ka huta" ba?

Sau 10 barewar ta wuce. Dattijo ya tara maki 25, Turawan Birtaniya biyu da ke biye da shi suka tsaya a 24. Zinare! A gasar ƙungiya ya ƙara wani, ya haɗa da tagulla a harbi biyu-biyu, wato harsashi biyu a kowane gudun barewar. Kuma ka san wa ke tsaye kusa da shi a ƙungiyar? Ɗansa na cikinsa, Alfred.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A nan maharbin barewar ne karin maganar ta faɗa wa. A 1912 wasannin suka zo gida, birnin Stockholm, tsoho ya fito kare kambunsa na harbi ɗaya. Aka ƙwace shi. Wa ya ƙwace? Alfred! Ni dai ina son in san hirar da aka yi a gidan nan a daren. Da kai ne uban, murna za ka yi ko kishi? Da kai ne ɗan, za ka kauce da gangan don girman mahaifi? Alfred bai kauce ba. Uban ma bai yi zuciya ba: suka jeru a gasar ƙungiya suka ɗauko zinare tare. Yana da shekara 64, kuma har yau babu wanda ya ci zinaren Olamfik da ya kai shi tsufa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye wasannin 1916. Ai magana ta ƙare ke nan, ko? Ina! A 1920 sai ga farin gemu a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, yana da shekara 72. Ka tuna, wannan harbi ba na mai saiti a tsanake ba ne. Sai ka bi dabbar da bakin bindiga, ka ɗan wuce gabanta, ka ja kunama hannu bai tsaya ba. Da idon ɗan 72! Ƙungiyar Norway ta yi na ɗaya a harbi biyu-biyu, su Swahn, uba da ɗa, suka koma gida da azurfa.

Har na 1924 a Faris ya samu gurbi, yana da shekara 76, rashin lafiya ta hana shi tafiya. Alfred ya je ba tare da shi ba, ya cike lambobinsa na Olamfik suka zama 9. Na tsohon 6 ne. Oscar ya rasu a 1927.