Sabru Da Taƙsimi A Ɗakin Jarrabawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, ga magana daga ƙauyukan ƙasar Dambatta, inda gona ke manne da gona, gado kuma kullum yana ƙara tsaga su. Uba yakan sayar da buhun gero ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawar JAMB, wadda aka kafa hukumarta a 1978, tun 2015 kuma a kwamfuta ake yin ta. Kowace tambaya amsa huɗu ake jera mata, ɗaya ce daidai. Yaron da ya yi canki-canka ya zubar da geron ubansa.

To, tace amsoshi ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Malaman usulu suna kiransa sabru da taƙsimi, watau ka jera dukkan abin da zai yiwu, ka auna su ɗaya bayan ɗaya, ka kore ɓatattu har ingantacce ya saura. Da irinsa aka nemi illar riba cikin alkama: Hanafiyya suka ce awo, Shafi'iyya suka ce kasancewarta abin ci, Malikiyya suka ce abincin rayuwa mai ajiyuwa.

Ga misalin da nakan ba almajiraina. Duk gonar da aka zuba wa taki ta yi albarka bana, gonar Tanko kuwa ta yi albarka. Me ya lizimta? Ɗaya, an zuba mata taki. Biyu, ba a zuba ba. Uku, taki ya yi tsada. Huɗu, hukunci bai yanku ba. Ta uku gaskiya ce a kasuwa, amma ba ita aka tambaya ba. Ta biyu ba ta da hujja. Ta farko ita ce tarkon, domin watakila gonar tana bakin fadama. Kowane gero hatsi ne, amma ba kowane hatsi ne gero ba. Saura ta huɗu.

Wannan ƙa'ida tana babin akasi na Sullam, littafin manɗiƙi na Shehu Abdurrahman al-Ahdari, mai Ahalarin da muke biyawa a zaure. Mu koya wa yara shi tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa. Ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin buhu sai ya tura hannu cikinsa. Haka ɗalibi ya yi wa kowace amsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Haza wassalamu.