Hankaka da Danginsa a Cikin Tsuntsaye Masu Waƙa

Hankakan da ke shawagi a kan bola da kewayen mayanka a birnin Katsina, baƙi wuluk in ban da farin da ya rufe ƙirjinsa ya zagayo wuyansa kamar mai sanye da 'yar shara, shi ne masana suka raɗa wa suna Corvus albus tun 1776. Duk da kaushin kukansa, suna lissafa shi cikin tsuntsaye masu waƙa, domin abin da suke dubawa shi ne halittar maƙogwaro, wato wata gaɓa da ke daidai inda hanyar numfashi ta rabu biyu zuwa huhu, wadda tsokoki da dama ke sarrafawa.

A da kamanni ne ma'aunin zumunta, kuma kamanni na yaudara. A 1990 wasu masana biyu na Amurka, Sibley da Ahlquist, suka sake rabon tsuntsaye bisa kwatanta ƙwayoyin gado, kuma binciken da ya biyo baya, wanda ya gyara musu kurakurai, ya nuna cewa tushen tsuntsaye masu waƙa yana yankin Ostareliya. Daga can ne babban reshen da hankaka yake ciki, mai nau'i wajen 800, ya bazu a duniya, alhali gidan hankaka na kurkusa bai wuce nau'i 130 da ɗoriya ba.

Wannan rabo ya haɗa hankaka da waɗanda ba a zata ba. Suda, wadda Bahaushe ya sani da yawan labari, 'yar wannan reshe ce, haka ma tsuntsayen Niyu Gini masu ƙawataccen gashi. Wani ɗan gidan hankaka na kurkusa a ƙasar Hausa kuwa shi ne baƙin tsuntsun nan mai dogon wutsiya da ke bin garken shanu yana yin sheƙa a kan giginya. Amma carki, ko da yake shi ma a bayan shanu yake kiwo, wani reshe ne dabam.

Kirarin nan na "hankaka mai da ɗan wani naka" ma yana da madogara, sai dai hankakan ne ake cuta: akwai wani tsuntsu mai ɗigo-ɗigon fari a fiffike, wanda ba ya cikin masu waƙa sam, da ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya ciyar har ɗan ya tashi.